A Sa Mata Wuta

Unguwar Koki, Birnin Kano
Farkon watan Muharram

Zuwa ga jikata Rahma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da abokan aikinki na asibiti. Yaya sanyin Mambila? Sabo direba ya ce a ƙauyen naku ko da azahar sai da rigar sanyi. Ke da ruwan randa ma kike wa ƙorafi, ban san yadda kike wanka ba, in ma kina yi.

Mu nan lafiya lau. Kakarki Yagana na fama da gwiwa, amma bakinta garau yake. Kunnena yana nan yadda kika bar shi, shi ya sa har gobe takarda ta fi mini waya. Idon ne dai. Na koma wurin likita, ya ce hawan jinin idon ya kusa cinye na dama, na hagun kuma a ci gaba da ɗiga masa magani. Na tambaye shi ko zai kai ni wani lokaci mai tsawo, ya ce Allah ne masani. Na ce wannan ai karatuna ne, nasa karatun nake tambaya.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kwamfutar nan da kika haɗa mini ta mutu. Ranar Talata da hantsi ina zaune a gabanta aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da wani irin ƙarfi. Ƙwan zaure ya fashe, wayar Yagana da ke jone a caji ta tafi, ita kuma kwamfutar ta yi wata 'yar ƙara, sai wari kamar an babbaka roba. Na danna, na sake dannawa, ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Kin san abin da ke cikinta. Alƙur'anin da mahaifina Goni Aliyu ya rubuta da hannunsa, tun da soro ya rufta masa a waccan daminar muka binne warƙoƙinsa a gindin lalle, babu inda ya saura a duniya sai hotunan da kika ɗauka kika zuba a ciki. Su nake buɗewa in ƙara musu girma ina kwafa. Ba karatun nake nema ba, wannan yana kaina tun ina yaro. Hannun nake bi: yadda yake jan wutsiyar mim, yadda yake zagaye nun, inda yake ajiye zayyana. Ina tsakiyar Suratur Rahman abin ya faru. Saura izu bakwai, ga ido yana sallama.

Isiyaku maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya ce in kawo ya kai ta kasuwa a duba. Na ce a'a. Ba za a ɗora littafin Allah a ƙasan adaidaita sahu tsakanin ƙafafun mutane ba. Ke kika haɗa ta, ke za ki faɗa mini abin yi. Tun rasuwar yayana, kakanki, ni na gaje ki, to ki biya ni da amsa da wuri.

Kakanki,
Malam Ari

*

Koki
Tsakiyar Muharram

Rahma,

Bayan sallama da gaisuwa. Muna lafiya, gwiwar Yagana da sauƙi. Sabo bai dawo ba, an ce ruwa ya cinye hanya a hawan dutsen naku kuma motoci sun yi cirko-cirko. Shi ya sa na ba abokinsa Ado wannan, ko Allah zai sa ya riga shi.

Jiya wani ɗan gwangwan ya shigo lungu yana kiran kayan da suka mutu. Yagana ta ba shi wayarta da tsohuwar fitila, sannan ta dubi kwamfutar ta dube ni. Ni kuwa na tashi na rufe ƙofar ɗakin.

Amma ta sa ni tunani, har abinci ya fita raina. In kin duba kin ga ta mutu ke nan babu tashi, to ba za ta zauna a kusurwa ƙura na hawanta ba, ba kuma za ta je bola ba. Abin da ya ɗauki Alƙur'ani, in ya lalace, hanya biyu muka gani a gidan nan: ko a binne shi a wuri mai tsarki, ko a ƙona shi a binne tokar. Takarda na san hukuncinta, allo ma na sani. Wannan ne ban taɓa karantawa a kowane littafi ba.

Ki faɗa mini gaskiya, kada ki rarrashe ni don na tsufa. In akwai rai a jikinta zan jira. In babu, wanne za a yi mata?

Kakanki,
Ari

*

Ƙauyen Mayo Kewal, Mambila
Ƙarshen watan Yuli

Kaka Ari, tsoho mai ran ƙarfe,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka ta farkon Muharram jiya, bayan ta sha zama a hanya. Ina lafiya, aiki da godiya. Wanka kuwa ina yi kullum, da ruwan zafi, ba irin naka na tsoma yatsa ba. Ka gaishe mini da Kaka Yagana, ka ce mata wushe da jiki, sannun Barebari. Na hau tudu har sau biyu ina neman layinta bai shiga ba, ashe wayar ce ta ƙone. Maganar idonka ta tsaya mini a rai. Don Allah kada ka yi wasa da maganin ɗigawa.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Kada ka bari a ba 'yan gwangwan, na san halin Kaka Yagana da duk abin da ya daina aiki. Kada kuma a kai ta kasuwa, ka yi daidai.

Yadda ka kwatanta, ƙara da warin roba bayan wuta mai ƙarfi, kusan na tabbata ba kwamfutar ce ta mutu ba. A cikinta ta baya, daidai inda ake soka wayar bango, akwai wani akwatin ƙarfe mai fanka. Mu muna ce masa fawa saflai, kai ka kira shi akwatin wuta. Shi yake karɓar wutar bango ya tace ta ya raba wa sauran kayan ciki, kuma shi ya fi saurin ƙonewa. Babu ko harafi ɗaya a cikinsa. Hotunan suna wani wuri dabam, a wani ɗan faifai da ake kira had dis, kuma sau da yawa lafiya yake fita. Shi ne abin tsaro, don kwafin da nake da shi ya tafi da laftof ɗina da aka sace a tasha. Isiyaku zai iya sayo sabon akwatin wuta a kasuwar Beirut ya zo gida ya canja. Ka sa shi ya yi alwala in ka ga dama, zai yi.

In an gama, sai a sa mata wuta kana tsaye a wurin, ka gani da idonka. Na san daga nan hankalinka zai kwanta.

Ga zuma da ganyen shayi na ba Sabo. Zumar taka ce, kada a yi maka wayo.

Jikarka,
Rahma

*

Koki
Watan Safar

Jikata Rahma,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai godiyar Allah. Zuma ta iso, ganyen shayi ma ya iso, Allah ya yi albarka. Takardarki ce ta sha wuya. Ruwa ya doki motar Sabo a hanya, tamfol ya yage, ta zo mini a jiƙe tsakiyarta duk tawada ta narke. Na shanya ta, na kai ta bakin taga, na sa tabarau biyu. Sama da ƙasa ne suka tsira.

Na ga inda kika ce kada a ba 'yan gwangwan, kada a kai ta kasuwa. Na gane kin sami takardata ta biyu ke nan. Sannan can ƙasa na ga amsar tambayata: a sa mata wuta ina tsaye a wurin, in gani da idona, hankalina zai kwanta. Abin da ruwa ya cinye a tsakiya na san lallashi ne, kuma na gode, ko ban karanta ba ya iso.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka. Rabon da in yi irinsa tun ranar da muka tono warƙoƙin nan daga cikin laka. A wancan karon na ce ai akwai na wurin Rahma. Yanzu babu abin da zan ce. Na so ƙwarai in kai hannun Baba Goni har Nasi kafin idon nan ya rufe, in bar muku shi a gafaka ku riƙa cewa ga yadda kakanninmu suke rubutu. Allah bai nufa ba. Zan ƙarasa da nawa hannun, duk wanda ya buɗe zai ga inda uban ya tsaya ɗan ya ɗora.

Ban ga laifinki ba, ke kin san aikinki. Gara da kika zaɓi wutar, don ƙarfe ba ya ruɓewa a ƙasa, wata rana wani zai tono ya kai wa masu awon tsohon ƙarfe. Na sa an sayo gawayi. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan yi.

Kakanki,
Ari

*

Mayo Kewal
Agusta

Kaka,

Salamu alaikum, ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. KADA KA ƘONA TA. Na rubuta da manyan baƙaƙe, na kuma naɗe takardar a leda biyu.

Takardunka biyu yau suka zo mini tare, ta hannun Ado da ta hannun Sabo. Ban taɓa ganin tambayarka ba lokacin da na rubuta waccan. Wutar lantarki nake nufi, Kaka! A jona ta a bango bayan an gyara! Wutar da kai da kanka kake cewa an kawo, an ɗauke. Innalillahi. Tun da na karanta na kasa ɗaukar jinin mara lafiya, sai da abokiyar aikina ta karɓe ni.

Na hau tudu da gudu, ashe ruwa ya kayar da ƙarfen sabis tun shekaranjiya. Babu wanda zan iya kira. Na lissafa, Juma'ar da ka faɗa ta wuce. Duk da haka ina rubutawa, ko Allah ya sa ruwan sama ya hana ka, ko Kaka Yagana ta ɓoye ashana, ko ka yi mantuwar nan taka da kake musu.

In ba ka yi ba, ka rufe ɗakin ka ba Isiyaku wannan takarda ya karanta maka da ƙarfi. In kuma ka riga ka yi, ka faɗa mini yadda aka yi, kada ka rage komai. Ka yafe mini. Kalma ɗaya ce da na ƙara, da duk wannan bai faru ba.

Rahma

*

Koki
Ƙarshen Safar

Rahma 'yar albarka,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Takardarki ta zo a bushe, na karanta ta tsaf, sai dai ta zo a makare. Ba a yi ruwa ranar ba, ban kuma manta ba. Ki daina neman yafiya. Shekara nawa ina cewa an kawo wuta, amma ranar da zuciyata ke kan ƙonawa, ƙonawa na karanta. Kin ce kada in rage komai, to ga shi.

Da na fito da ita tsakar gida, Yagana ta ce wallahi ba za a babbaka wannan uban ƙarfe a gidanta ba, hayaƙin roba ya kashe mata kaji. Ta ce in mutum zai binne warƙa ai ba ya haɗawa da akwatin da aka ajiye ta. Na ga maganarta a kan hanya take, ko da yake ban faɗa mata ba. Sai na yi alwala, na ari sukundireban keken ɗinkinta, na kwance murfin gefe don in ciro inda Alƙur'anin yake in ƙona shi shi kaɗai.

Ƙura da yanar gizo na fara tararwa, har na ji kunya. Na share da gefen rawani. Sannan na zauna ina duban kayan ciki, ina tambayar kaina, in ni ne na ƙera wannan abu, a ina zan ajiye littafin Allah? Akwai wani faranti kore mai ƙananan ƙuraje, na ce wannan a buɗe yake, ba a ajiye abu mai daraja a fili. Akwai wani ɗan ƙarami a ƙasa kamar gwangwanin kifi, na ce wannan ya yi kaɗan, izu sittin ba za su shiga nan ba.

Sai na ga wani a sama ta baya. Ya fi kowa nauyi, a rufe yake ruf ta ko'ina. Wayoyi ja da rawaya da baƙi duk daga jikinsa suke fita, kowa a cikin kwamfutar daga wurinsa yake sha. Kuma shi an yi masa fankarsa ta kansa. Na ce wa ake yi wa fifita in ba mai daraja ba? Na kai hanci, warin ƙunar ma a jikinsa yake. Na zare wayoyin a hankali ɗaya bayan ɗaya, ban tsinka ko guda ba, na yi bismilla na ɗora shi a kan gawayi.

Wayoyin sun ci, wani abu a ciki ya fashe har kaji suka watse. Ƙarfen ya yi baƙi amma bai narke ba. Da ya huce na naɗe shi a farin ƙyalle, na haƙa rami mai zurfi a gindin lalle kusa da warƙoƙin Baba Goni, na binne. Gangar jikin tana nan a ɗaki na rufe ta da darduma.

Na ɗauki alƙalami sau da yawa tun ranar, in ajiye. Ki bar kuka, abin da ya wuce ya wuce.

Kakanki,
Ari

*

Mayo Kewal
Satumba

Kaka Ari, angona na kaina,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, yau ma ta fi ta kullum. Na fara karanta takardarka ina hawaye, na ƙare ina dariya har mai gadi ya leƙo ya ga ko lafiya.

Kaka, akwatin wuta ka binne! Wanda na ce a cire a yar, shi ka cire da hannunka, ka yi masa sutura. Fankar ba ta girmamawa ba ce, zafi yake yi. Wancan gwangwanin kifin da ka raina, shi ne had dis, Alƙur'anin Baba Goni yana cikinsa, izu sittin cif har da sauran wuri. Wallahi ban taɓa jin daɗin raini irin wannan ba.

Sabis ya dawo, na sami lambar Isiyaku a wurin Sabo, mun yi magana. Zai ɗauki hoton bayan kwamfutar ya je kasuwar Beirut ya samo daidai da nata, ya haɗo da sitabilaiza don kada wuta mai ƙarfi ta sake yi mana haka. Ya ce zai zo da alwalarsa tun daga gida. Kai dai kada ka sake taɓa sukundireba. Ka mayar wa mai shi.

Ba zan yi maka alkawarin abin da ban gani ba. Wani lokaci wutar kan wuce akwatin ta taɓa na ciki. Amma zuciyata ta fi ba ni cewa lafiya yake. In Isiyaku ya gama, sai ya jona ta a soket ɗin bango ya danna maɓalli. Ka ga yadda na rubuta shi dalla-dalla.

Ka ci abinci don Allah, Isiyaku ya ce ka rame.

Jikarka,
Rahma

*

Koki
Watan Rajab

Zuwa ga Rahma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, Yagana na gaishe ki. Kin ji daga bakin Isiyaku tun a watan Mauludi cewa ta tashi, na kuma san kin yi fushi da ban rubuto ba duk tsawon watannin nan. Ba mantuwa ba ce. Idon nake tattali, ban so in kashe shi a kan boko ba sai na gama.

Ranar da ya danna maɓallin, fanka ta juya, allon ya yi haske, na ce ya buɗe mini Suratur Rahman. Da warƙar ta fito na ga jan alƙalamin nan, ban san lokacin da na ce "Baba" da ƙarfi ba. Ni da furfura har gira. Isiyaku ya yi kamar yana neman wani abu a jakarsa, Allah ya yi masa albarka. Ya tambaya ko a tono wancan akwatin a ba 'yan gwangwan, na ce a bar shi inda yake. Shekara da shekaru yana ciyar da littafin Allah wuta, da ta zo da ƙarfi kuma shi ya tare ta. Bai ci a tone shi ba.

Daga ranar kullum ina kai, daga hantsi zuwa la'asar. Na dama ya rufe gaba ɗaya ina cikin Tabara. Na hagun ya riƙa matsewa, har ya zama kamar ina leƙe ta kafar makulli, harafi ɗaya nake gani a allo, in sunkuya in nemo wurinsa a takarda. Izun ƙarshe sai da Isiyaku ya ƙara girman har kalma guda ta cika allon. Wasalin ja da shi da baƙi sun fara haɗe mini, Yagana ce take zama kusa tana miƙo mini tawadar da na kira.

Ranar Alhamis na rubuta Nasi. Alhamdu lillahi. Alarammomi biyu daga Madabo sun bi shi warƙa-warƙa, sun sami gyara kaɗan, an gyara. Ɗayansu ya yi karatu a gaban Baba Goni yana yaro. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in nuna masa inda na fara rasa ido, don shi bai gani ba.

A warƙar ƙarshe na rubuta sunan mai hannun, Goni Aliyu, da sunan wanda ya kwafa, da sunan mai shi. Ke ce mai shi. An ɗinka masa gafaka a Ƙofar Wambai, yana rataye a ɗakina. Ba zan ba Sabo ba, kin san abin da ruwa ya yi mana.

In kin ga layukan nan suna hawa suna sauka, ba takardar ba ce. Ina jin wannan ce ta ƙarshe da zan rubuta miki da hannuna, ta gaba sai dai in faɗa a rubuta. Ban damu ba, na kashe shi a inda nake so. Ki nemi hutu ki zo ki karɓi kayanki. In kin shigo kada ki tsaya gaisuwa daga bakin ƙofa yadda aka koya miki. Ki matso kusa sosai, ta hagu, inda zan iya ganin fuskarki.

Kakanki,
Malam Ari Goni Aliyu